Wuƙaƙen Gargajiya a Ƙasar Boɗinga da Shagari: Ƙira, Ire-ire da Hanyar Adana Su

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne nazarin wuƙaƙen da maƙeran Hausa ke ƙerawa, da nuna yadda za a tattara su kafin sanin su ya salwanta. Boɗinga da Shagari garuruwa ne da ke kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. A Sifawa ta ƙasar Boɗinga ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙasa ce ta noma da kiwo, don haka ba ta taɓa rabuwa da buƙatar maƙeri ba.

Yadda Ake Ƙira

Maƙera iri biyu ne: maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, da maƙeran baƙi waɗanda wuƙa ke hannunsu. A dā maƙeri kan samu ƙarfe ta hanyar narka tama da gawayin ƙirya. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai tarkacen ƙarfen Turai ya yawaita, narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Yanzu da sifirin mota ake ƙera wuƙa mai riƙe kaifi.

Maƙeri kan sa ƙarfe a wuta, yaro na jan zugazugi, har ya yi jawur. Sai ya ɗauko shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya daddake shi da masaba har siffa ta fito. Daga nan ya sake gasa shi, ya tsoma a ruwa don ya yi tauri, ya goge da magagari, sannan ya sa ƙota. Kube kuwa aikin baduku ne, da fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take isa gare su.

Ire-iren Wuƙaƙe

Aiki shi ke yanke wa wuƙa siffa. Wuƙar mahauci faffaɗa ce domin yanka da fiɗa. Askar wanzami ƙarama ce, siririyar baki, domin aski da kaciya da tsaga. Akwai barho na mafarauta da 'yan tauri. Akwai kuma wuƙar damtse mai zoben fata a jikin kubenta, wadda Hausawa suka yi tarayya da Buzaye a kanta. Hatta sunan ma yana nuna yanki, domin Basakkwace yuƙa yake cewa inda Bakano zai ce wuƙa.

Darasi Daga Arewacin Turai

A ƙasar Finlan akwai wuƙar da ake kira puukko, Samawa makiyayan barewar ƙanƙara suna da babbar wuƙarsu leuku, garin Mora na Suwidin kuwa yana da masana'antar wuƙa tun 1891. Masu tara waɗannan wuƙaƙe kan gane yankin da aka ƙera kowace daga ƙotarta da kubenta, saboda an rubuta sunayen maƙeran da garuruwansu. A ƙasar Hausa, littafin Philip Jaggar na 1994 ya yi bayanin maƙeran birnin Kano, sai dai abin da ya tabbata a Kano ba lallai ne ya tabbata a Shagari ba.

Kammalawa

Wuƙar da aka saya a kasuwa aka jefa a akwati ba ta gaya wa manazarci komai. Wajibi ne ɗalibi ya fara neman izinin Sarkin Maƙera, sannan ya rubuta sunan wuƙar da karin harshen garin, da wanda ya ƙera ta, da badukun da ya ɗinka kuben, da irin ƙarfen da itacen ƙotar, da aikin da ake yi da ita. Abin da aka tattara ya dace a ajiye shi a Ofishin Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Wuƙaƙen kanti masu arha sun cika kasuwanni, 'ya'yan maƙera da yawa sun koma wasu sana'o'i, dattawan da suka ji labarin narkar tama daga bakin iyayensu kuwa suna ta ƙarewa. Aikin da ba a yi ba a wannan zamani, na baya ba za su samu wanda za su tambaya ba.