Sana'ar Kitso a Maiduguri: Daga Koyo Zuwa Cin Gashin Kai

A cikin sana'o'in da mata ke yi a ƙasar nan, kaɗan ne suka kai kitso tsufa, kuma kaɗan ne suka kai shi sauƙin jari. Tsinke da mataji da ɗan mai, sai tabarma a inuwa, su ne kayan aikin. Babban jarin kuwa shi ne gwanintar makitsiya da amincin da jama'a ke ba ta. Birnin Maiduguri misali ne mai kyau ga wanda ke son fahimtar wannan.

Tushen sana'ar

An kafa Maiduguri, wanda mutanen Barno ke kira Yerwa, a shekarar 1907, zamanin Shehu Abubakar Garbai. Barebari da Larabawan Shuwa da Hausawa da Fulani suka haɗu a cikinsa, kowa da irin kitsonsa. A al'adar Barebari, kitso yakan nuna matsayin mace: yarinyar da ba ta yi aure ba akan yi mata kilayasku, watau a raba gashin kashi uku, matar aure kuwa ta yi goto. Makitsiya, wadda suke kira duramma, tana da gurbi na musamman a bikin aure, domin ita ce ke yi wa amarya kitso bayan an wanke mata kai. Saboda haka a wannan gari ba a ɗauki makitsiya ƙaramar mace ba.

Matakan koyo

Yawancin makitsa a gida suke farawa, wurin uwa ko inna ko maƙwabciya. Yarinya takan soma da tsifa da taje gashi, sa'an nan ta koyi tsaga, wadda ita ce ginshiƙin aikin, gama in tsaga ta karkace, kitso ba ya miƙewa. Daga nan sai ta riƙa gwadawa a kan ƙannenta, har 'yan unguwa su fara kawo mata 'ya'yansu, musamman a jajibirin Salla. In hannunta ya faɗa, takan shiga adashi ta tara kuɗin madubi da kujera da hayar ɗan shago. Da yawa sukan ƙara da lalle da dilka da haɗa turaren wuta, abubuwan da matan Barno suka yi suna da su a duk faɗin Arewa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wajibi ne iyaye su tuna cewa dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta tilasta wa kowane yaro karatun shekara tara. Koyon kitso sai bayan an tashi daga makaranta. Makitsiyar da ta iya rubutu da lissafi ita ce ke sanin ribarta da bashin da take bi.

Ranar wuya

Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya ɗaiɗaita garuruwa da yawa na Jihar Barno. Da Gwoza da Bama suka faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya a 2014, dubban mata suka kwararo Maiduguri, waɗansunsu mazansu sun rasu, suka zauna a sansanoni irin su Bakassi da Dalori. Gona da dabbobi an baro su a baya, amma wadda ta iya kitso ta iso da sana'arta a hannunta. Haka kuma gobarar Kasuwar Litinin ta watan Fabrairu 2023, da ambaliyar da fashewar madatsar Alau ta jawo a Satumba 2024, sun cinye shaguna da haja masu yawa. Makitsiya kuwa, ko ta rasa shago, tana iya shimfiɗa tabarma washegari ta nemi abincin 'ya'yanta.

Kiyaye lafiyar jama'a

Riga-kafi ya fi magani. Ya kamata kowace makitsiya ta kula da abubuwa uku. Na farko, ta wanke mataji da tsinke da sabulu bayan kowane kai, domin makero da ƙwarƙwata ta nan suke yaɗuwa. Na biyu, kada ta yi wa mutum biyu aiki da reza ko allura ɗaya, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Na uku, ta guji ɗaure kitso tamau, musamman ga yara, domin yakan zubar da gashin goshi, kuma in abin ya daɗe, gashin ba ya sake tsirowa. In ta ga ƙuraje ko gyambo a kai, ta ba da shawara a je asibiti kafin kitso.

Inda za a nemi horo

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, watau NDE, a 1986. Tana da ofis a kowace jiha, kuma gyaran gashi yana cikin sana'o'in da take haɗa masu koyo da ƙwararru a kansu. Ana kira ga iyaye da mazaje da masu unguwanni su ƙarfafa wa mata gwiwa su riƙe wannan sana'a da mutunci, masu zuwa kitso kuma su biya makitsiya haƙƙinta a kan kari.