DARASI: In Akwai Wasu Halittu a Cikin Taurari

Matasanmu na Araba suna kallon fina-finan baƙi daga sararin sama, suna tambaya: in akwai irinsu, ina bangaskiyarmu ta tsaya? Kada mu kore su da tsawa, gama yaron da aka hana amsa a coci zai neme ta a waje.

Masana sun gano duniyoyi fiye da 5,000 masu kewaya wasu taurari, ba a kuwa tabbatar da rai a ko ɗaya ba. Amma a 1953 Fred Hoyle na Ingila ya lissafta cewa sinadarin kabon, wanda aka gina jikinmu da shi, ba zai yawaita cikin taurari ba sai wani ma'auninsa ya faɗa daidai wuri guda. Aka gwada, aka same shi nan. Waɗansu sun ce sa'a ce. Mu muna ganin hannun Mahalicci, ko da yake ba hujja ce mai rufe bakin kowa ba.

A 2008 Fada José Funes, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Vatikan a lokacin, ya ce ba mu isa mu yi wa ikon Allah na halitta iyaka ba. To, su ma suna bukatar ceto? Mu tattauna wannan ranar Lahadi.