Hukuncin Wanda Ya Sayi Sabon Injin Hoto Ya Tarar Da Aibi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki Ya haramta zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo daga babin ciniki yake. Matasanmu da yawa suna ci da sana'ar hoto. Mutum zai haɗa jarinsa duka, wani ma da bashi, ya sayi sabon injin buga hoto, sai ya ga hotuna na fitowa da zane-zane, ko launi ya gurɓace, ko injin yana cin takarda. Shin ya riƙe, ko ya mayar?

Asalin hukuncin yana cikin hadisin Abu Huraira wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, game da dabbar da aka bar nononta ya taru don a ruɗi mai saye. Annabi (SAW) ya ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino. Malamai suna kiran irin wannan hakki zaɓin aibi. Ga abin da muka fahimta daga Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, da kuma Muhtasar na Shaihu Halil:

Na farko, wajibi ne aibin ya kasance tun kafin ciniki, kuma mai saye bai san da shi ba. In an yi gardama, sai a koma ga masu gyara da suka san injin. Wanda ya ƙona injinsa da wutar janareta ba shi da hakki a kan kowa.

Na biyu, zaɓin biyu ne: ya mayar ya karɓi kuɗinsa cif, ko ya riƙe ba tare da ragi ba. Ba ya tilasta wa mai sayarwa ragi, sai dai in sun yi sulhu bisa yarda.

Na uku, nan ne mutane suka fi yin hasara. Wanda ya ga aibi, ya ci gaba da buga hotuna yana cewa bari salla ta wuce, to aikinsa ya nuna yarda, hakkinsa ya faɗi. Shirun kwana ɗaya ko biyu ba uzuri, sai ya rantse cewa bai yarda ba. In mai sayarwa yana nesa, kamar Kano ko Kwatano, sai ya kafa shaidu.

Na huɗu, kuɗin da ya samu da injin kafin ya gane aibin nasa ne, domin da injin ya halaka a lokacin, shi zai ɗauki hasara.

Na biyar, in wani sabon aibi mai rage daraja ya auku a hannunsa, yana iya riƙewa ya nemi kimar tsohon aibin. Misali, lafiyayyen injin ya kai jaka 100, mai aibi jaka 80, sai a mayar masa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya biya. Ko kuma ya mayar, ya biya abin da ya rage.

Ku kuma ƴan kasuwa, ku sani rubuta cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba ya wanke wanda ya ɓoye aibi. Garanti alkawari ne, cika shi wajibi ne.

Saboda haka muna yi wa mai saye nasiha ya gwada injin a gaban mai shi, ya adana takardar ciniki, in ya ga aibi ya kashe shi ya koma a ranar. Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu. Allah ne mafi sani.