Bayan An Sauya Maka Gwiwa

Da likita ya gama ɗinki, sauran aikin ya koma hannunka. Galibi ranar tiyata ko washegari ake tayar da majinyaci ya taka da ƙarfen dogarawa, domin gwiwar da aka bari kwance sandarewa take yi, jini kuma na iya daskarewa a ƙafa.

Kana kwance, riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa. Danna bayan gwiwa kan katifa har naman cinya ya ɗaure, ka riƙe daƙiƙa 5, ka saki. Sannan ja diddige a hankali zuwa mazaunai, ka mayar. Mutane sukan damu da lanƙwasawa su manta da miƙewa, alhali gwiwar da ba ta miƙe sarai ba ita ke barin mutum da ɗingishi. Don haka kada ka sa matashi ƙarƙashin gwiwa. Sa shi ƙarƙashin diddige. In gwiwar ta kumbura, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20.

Idan likitan motsa jiki ya amince, dafa tebur ka tsaya da ƙafa ɗaya, wani na kusa da kai.

Yi sallah a kan kujera tukuna, ka kauce wa tsuguno a masai, kuma don Allah kada maɗori ya taɓa wannan gwiwa. Zazzaɓi, ruwa daga ɗinki, kumburin sharaɓa ko sarƙewar numfashi: garzaya asibiti nan take.