Jellyfin: Yadda Za Ka Gyara Fulogin Da Ya Daina Aiki Bayan Sabuntawa

Idan ka mayar da tsohuwar kwamfutarka sabar waƙoƙi da Jellyfin, kana saurare a wayarka ta manhajar Finamp, akwai ranar da za ka sabunta sabar ka tarar fulogin ɗin da ke kawo maka rubutun waƙa ya yi shiru. Wani lokacin ma sabar ce dungurungum take ƙin tashi. Kada ka yi gaggawar goge komai ka sake ɗorawa, domin za ka yi asarar jerin waƙoƙin da ka tsara a banza.

Kowane fulogin ana gina shi ne don wani zubi na Jellyfin. Da zubin 10.9 ya fito a 2024, ya koma kan .NET 8, sai da yawa daga na 10.8 suka tsaya har masu su suka sabunta su.

Fara shiga Dashboard, ka taɓa Plugins, ka duba abin da aka rubuta a jikin kowanne. NotSupported na nufin bai dace da zubin sabarka ba. Malfunctioned kuwa an yi ƙoƙarin tayar da shi ya faɗi. Daga nan buɗe Logs ka nemi sunansa, yawanci layin kuskuren yana nan kusa.

To idan shafin ma ya ƙi buɗewa fa? A Linux, tsayar da sabar da sudo systemctl stop jellyfin, ka shiga /var/lib/jellyfin/plugins. Masu Docker su duba /config/plugins. Kowane fulogin na da foldarsa, a ciki akwai fayil mai suna meta.json. Layin targetAbi ne ke nuna mafi ƙarancin zubin da yake buƙata. In lambar ta ɗara ta sabarka, sabar ce ke baya. In ta tsohon zubi ce, nemi sabon fulogin.

Kwashe foldar wanda kake zargi zuwa wani waje, ba gogewa ba, ka sake tayar da sabar. In ba ka san mai laifin ba, kwashe su duka, ka riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai gajiya, amma ya fi lalube. Foldar configurations kada ka taɓa ta, saitunanka na can.

Wasu na gyara lambar targetAbi da hannu don su yaudari sabar. Ni dai ban ba da wannan shawarar ba, lambar kawai ka canza, abin da ke ciki yana nan yadda yake. Fulogin ɗin da mai shi ya daina kula da shi, haƙura da shi kawai.