An sa silin, an toshe bakin kwano: ina iska za ta bi?

Daga Fulatan zuwa Rogo da Ƙaraye, rufin kwano ya kusa gama maye gurbin soron azara, kuma duk mai ɗan hali yana ƙara silin, na katako ko na roba ko POP. Wasu har suna shimfiɗa soso a bayansa domin tare zafi. Wannan duk daidai ne. Ɓarnar tana zuwa ne a ƙarshen aiki, lokacin da birkila ya ɗaga bulo har ya taɓo kwano, ya cike kowace kafa da siminti, ko aka zagaye rufin da rawani ba tare da an bar huji ko ɗaya ba. Mu masu aikin rufi muna da hannu a ciki, domin maigida yana yaba aikin da ya ga an rufe ruf.

A watan Afrilu zafin Kano yana kai digiri 40, kwanon da rana ke duka kuwa yakan haura 60. Soron ƙasa kaurinsa ne yake jinkirta zafi. Kwano ba shi da kauri, nan take yake zuba zafinsa cikin sararin da ke tsakaninsa da silin. Iska mai zafi sama take yi. In akwai kafa a bakin kwano ta ƙasa da wata kusa da tsororuwa, sai ta fice, mai ɗan sanyi ta shigo. In babu, sai ta zauna tana gasa silin, shi kuma ya riƙa sako zafin cikin ɗaki har bayan isha'i. Soso yana rage wannan sosai, ya ma fi kafar iska tasiri, amma shi ne kuma yake yawan toshe hanyar, saboda leburori kan tura shi har ƙuryar da kwano ya haɗu da bango. Wayoyin lantarki ma a bayan silin suke kwance, robarsu tana tsufa da wuri. Da damina kuma raɓa kan taru a cikin kwano da asuba ta ɗiga kan silin, maigida ya ga tabo ya ɗauka yoyo ne, ya kira a sake buga ƙusa.

Ƙa'idar gini ta Amurka ta ce a bar murabba'in mita 1 na kafar iska ga kowane murabba'in mita 150 na silin. Yanayinsu daban ne, amma ma'aunin ya isa a fara da shi. Ciki da falo mai murabba'in mita 30 yana bukatar kafar da jimillarta ta kai kusan santimita 45 tsawo da faɗi, rabi a ƙasa rabi a sama, a ɗan ƙara saboda ragar da za a rufe kafar da ita tana cin wani kaso.

Masu toshewa suna da hujja. Jemagu suna shiga, kashinsu yana wari. Maganinsu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, a ɗaure ta da kyau. Ta roba ɓera yana huda ta. Ƙurar hunturu za ta shiga kam, sai dai a bayan silin take sauka, in har an haɗa bakinsa da bango sosai. Hujja mafi nauyi ita ce guguwar farkon damina mai kwashe rufi. Gaskiya ne babban wawakeke a bakin kwano yana ba iska wurin kamu, amma ƙananan kafofi masu raga ba haka suke ba. Yawancin rufin da iska ke ɗauka, katakonsa ne ba a ɗaure shi da bango da rodi ko langa-langa ba, kuma simintin da aka cusa a bakin kwano ba ya riƙe katako.

Gidan da aka riga aka toshe ba sai an kwaye rufi ba. A fasa bulo kaɗan a ƙarƙashin bakin kwano a sa mai huji da raga, a yi haka a bangon da ya kai tsororuwa, sannan wani ya hau ta ƙofar silin da sassafe, bayan an kashe wuta, ya ja soson baya kamar taƙi ɗaya daga kowace kafa.