Jar Ƙasa da Buhun Kamfa

Ɗana, tunda ka ce za ka haɗa shagonka na unguwar Kilomita Biyar da 'yar gonar da ka samu a hanyar Bowali, zauna ka ji, don kada kuɗinka su tafi a banza.

Buhun takin kamfa da kake gani a Bangi, daga tashar jiragen ruwa ta Duwala ya taso, ya ratso Garwa-Bulai a mota, shi ya sa yake tsada. Dubi lambobin jikinsa, 15-15-15. Ta tsakiyar nan ita ce fosfaras, sinadarin da ke sa saiwa ta kama, masara ta cika ƙwaya. Yuriya ba ta da shi ko kaɗan, yawan zuba ta ma tsami yake ƙara wa ƙasa.

Ƙasarmu ta nan ja ce, kuma jan nan na ƙarfe ne. Yawan ruwan sama ya wanke ta har ta yi tsami. A irin wannan ƙasa, ƙarfe da alminiyam kan damƙe fosfaras kamar mai cin bashin da ya ƙi biya: ka zuba, yana nan a gonar, amma shuka ba ta samu. Sai ka ga masara ta tsumbure, ganyenta ya yi shuɗi-shuɗi mai ratsin ja.

Kada ka raina kashin shanun Mbororo. In ya ruɓe, yakan toshe wuraren da ƙarfen ke kamawa, ya bar wa shuka rabonta, shi ma yana sakin nasa sannu a hankali. 'Yar tokar murhu kuma tana rage tsami. Sannan fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa, inda ya faɗi nan yake zama, don haka kada ka watsa kamfa, ka sa shi a ramin shuka. A Sadore ta Nijar, masu binciken cibiyar noma ta ICRISAT sun nuna cikin murfin kwalba guda na kamfa, wajen giram 6, a kowane ramin shuka yana ƙara amfani sosai.

Kashin kaji kuwa ya fi na shanu fosfaras. In ana jibga shi shekara da shekaru a lambun bakin kogin Mpoko, ruwa kan kwashe rarar daga saman ƙasa zuwa kogi, gansakuka ta yi yawa, kifi ya wahala. Wannan haƙƙin masunta ne, ka kiyaye.

Ka tara takinka tun da rani, ya ruɓe kafin ruwan Maris ya sauka. Allah ya sanya albarka.